Intanet ɗin gidanmu yana mutuwa kullum bayan Magariba, ku ba ni shawara

Mai Ɗaki Na 4:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta sako ni a gaba, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar. Gidan haya muke zaune a Samaru, ɗaki 14, mu 22. A farkon zangon nan muka yi karo-karo muka sayi rauta mai sim, wato na'urar raba intanet ta waifai, duk wata kowa ya kawo kasonsa in saka data. Ni ke karɓar kuɗin, rautar ma a ɗakina take don ƙofata ce mai kwaɗo biyu.

Makon farko da na biyu lafiya lau. Yanzu kuwa da safe tana gudu, amma da an idar da sallar Magariba sai ta fara jan ƙafa, ko saƙon murya na WhatsApp sai ya yi ta juyawa. Wani lokaci ta ɗauke ɗif na minti biyu ko uku, ta dawo da kanta. 'Yan ɗakunan ƙarshe, daga 10 zuwa 14, suna ganin sunan waifai ɗin, amma wayarsu ta ce an haɗa, babu intanet. Datar wata guda kuma ta ƙare a kwana 19.

Jiya a bakin famfo na ji ana cewa wai ƙaramar data nake saye ina soke canjin. Wallahi ko sisin kowa ban taɓa ci ba, rasit duk yana wayata. Wannan maganar ta fi mutuwar intanet ɗin ci mini rai. Ina shekarar ƙarshe, ga furojet a gabana. Ta ina zan fara?

Ɗan Ɗanbare:
Wa alaikumus salam. Malam canza layi kawai. Mu ma a Kano haka muka sha fama, da muka sa sim ɗin wani kamfani shi ke nan. Wane layi kuke amfani da shi?

Shugaban Zaure:
A bar kama sunan kamfani don Allah. Duk lokacin da aka fara, zaren sai ya koma kowa na yabon layinsa. Layin da ke tashi a Ɗanbare yana iya zama gawa a Samaru, har a unguwa ɗaya ma lungu da lungu ya bambanta.

Injiniyan Kaduna:
Ƙanena, ka yi haƙuri da maganar bakin famfo, duk wanda ya riƙe kuɗin jama'a sai ya ji irinta. Amma kada ka sayi komai tukuna, ko sim na ɗari biyu. Abin da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne. Mu mun saba duk abin da ya faru mu ce "ba netwok", alhali hanyar da data ke bi kafin ta iso wayarka gaɓa-gaɓa ce: daga ƙarfen sabis zuwa rautarku, daga rauta zuwa waya, ga kuma wutar da ke riƙe da rautar kanta. Jan ƙafar dare daban, ɗaukewar minti biyu daban, kukan 'yan ɗaki 10 zuwa 14 daban. In ka haɗa su a kwano ɗaya, kuɗi za ka yi ta zubawa a inda ba ciwon.

Ga abin da nake so ka yi yau. Juya rautar, a ƙasanta akwai takarda mai adireshin shafinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza kana haɗe da waifai ɗin, ka shiga. Ka duba na'ura nawa ke haɗe. Sannan ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP shi ne ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen sabis: wajen -80 zuwa -90 mai kyau ne, in ya gangara ƙasa da -110 rautar da ƙyar take jin ƙarfen. SINR kuma tsabtar siginar ce, sama da 10 madalla, kusa da sifili hayaniya ta rufe ta. Kada ka dogara da sandunan da ke jikin rauta, ba sa faɗin gaskiya sosai.

Ka rubuta lambobin nan da saurin da ka auna sau uku: bayan Asuba, bayan La'asar, da ƙarfe tara na dare. Kana tsaye kusa da rautar, ba daga nesa ba.

'Yar Kongo:
Yayana mai ɗaki na 4, tambaya ɗaya. Lokacin da take ɗaukewa ta dawo da kanta, ka taɓa kallon fitilunta? Duka suke mutuwa su sake kamawa ɗaya bayan ɗaya, ko ta intanet ce kawai ke komawa ja?

Abin da ya sa na tambaya, a gidanmu na mata wata uku muna zagin kamfani. Ashe adaftar rautar ce ta ƙone tun tuni, wata ta ɗauko ta tsohuwar dikoda ta jona, bakinsu ɗaya ya shiga daidai. Da rana ba matsala. Da dare in kowa ya jona hita da rishon lantarki wuta ta yi ƙasa, sai rautar ta mutu ta tashi. Ranar da na gano, ina zaune ina karatu na ga ƙwan ɗakin ya dushe, a daidai lokacin fitilun rautar suka mutu gaba ɗaya. Minti biyun da kake cewa, lokacin da take ɗauka ne ta farfaɗo ta sake kama sabis.

Mai Ɗaki Na 4:
Anti, Allah Ya saka da alheri. Ban taɓa lura ba, don rautar tana ƙarƙashin teburi, bayan jakar kayana. Yau zan zuba mata ido.

Injiniyan Kaduna:
Ƙarƙashin teburi? To mun fara ganin bakin zaren.

Ɗan Gayu:
Ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba. Mutum 22 ku haɗa kuɗi ku sayi Starlink mana. Tun Janairun 2023 ta shigo Najeriya, mu ne ma na farko a Afirka. Ba ruwanta da ƙarfen sabis, daga tauraron ɗan'adam take ɗaukowa.

'Yar Kongo:
Malam Ɗan Gayu, mutanen da ake rigima da su a kan kason wata ne za su haɗa dubban ɗaruruwa na kayan? Bayan kuɗin wata? Kuma tana cin wuta fiye da ƙaramar rauta nesa ba kusa ba, sai an yi mata tanadin batir ko sola. Gidan haya ne fa, shekara mai zuwa rabinsu sun tafi bautar ƙasa. Wa zai ɗauki faifan?

Ɗan Gayu:
Sai a sayar wa masu shigowa. Ni dai a ganina gara a kashe sau ɗaya a huta.

Injiniyan Kaduna:
Ba na kushe ta, na saka wa mutane da yawa kuma tana aiki in faifan na ganin sararin sama. Amma ku lura, ko ita aka kawo aka ajiye rautarta ƙarƙashin teburin ɗaki na 4, 'yan ɗaki na 14 ba za su ga canji ba. Bangon bulo tara ko goma ke tsakaninsu. Ƙofa ɗaya kawai take gyarawa cikin ukun. Mu jira lambobinsa.

Mai Ɗaki Na 4:
Jama'a na dawo, ga abin da na samo, kuma jikina ya yi sanyi.

Na'urori 41 ke haɗe da ƙarfe tara na daren jiya. Mu 22 ne, masu laftof a cikinmu ba su wuce 8 ba. Akwai sunayen wayoyin da na tabbata ba kowa a gidan nan mai irinsu, har da talabijin guda, mu kuwa ko ɗaya ba mu da ita.

RSRP a inda take -112 ne, SINR 2. Na ɗauke ta da doguwar wayar wuta na zagaya gidan kamar yadda Injiniya ya ƙara mini bayani ta waya. A tagar ɗaki na 7, mai kallon titi, na ɗora ta saman kwali ta kai -93, SINR 11. A bayan gida kusa da tankin ruwa ta fi ko'ina lalacewa.

Maganar Anti kuma ta tabbata. Da misalin takwas da rabi ƙwai ya dushe, fitilun rauta duka suka mutu. Na duba adaftar: rautar an rubuta 12V 2A a jikinta, adaftar 12V 1A. Sai na tuna mai shagon ya ce ta cikin kwalin ta ɓace, ya ba mu wata.

Sauri, a ma'aunin megabit a daƙiƙa: bayan Asuba 18, bayan La'asar 9, tara na dare bai kai 1 ba.

Injiniyan Kaduna:
Madalla, ka yi aiki. Adafta tukuna: ka nemi 12V daidai, kada ya ɗara kada ya gaza, amfiya kuwa 2 ko sama da haka, yawanta ba ya cutarwa, rautar abin da take buƙata kawai take ja. In da hali ku haɗa da ƙaramin batirin rauta, wanda ake jonawa tsakanin soket da ita, yana riƙe ta awanni in an ɗauke wuta, kuma dushewar nan ba za ta sake kashe ta ba. Ya fi komai arha cikin abin da za ku saya.

Wurin zama: ɗaki na 7, a sama, kusa da taga, kada rana ta riƙa dukanta don zafi ma na sa ta sume. Nesa da tanki, ruwa na shanye sigina. Nesa da kwanon rufi da ƙofar ƙarfe.

Amma kafin ka yi murna, akwai gwaji ɗaya da ya rage. Ka cire kowa, ka bar wayarka kaɗai, ka auna da tara na dare. In lambar RSRP tana nan yadda take da safe amma sauri ya faɗi, to cunkoso ne a ƙarfen sabis. Ƙarfe ɗaya duk unguwa ke rabawa, unguwar ɗalibai kuwa kowa lokaci ɗaya yake hawa. Wannan ba a ɗakinka ake gyara shi ba.

Malam Na Masallaci:
Ni maganar na'urori 41 ɗin ce ta tsaya mini. Waɗanda ke sha ba da izini ba, su sani haƙƙin mutane ne, ko da ba a ganinsa da ido. Kuma ga shi ya jawo ana zargin bawan Allah da cin amana. Wanda ya ba da kalmar sirrin a waje shi ya kamata ya fito ya wanke shi.

Ɗan Ɗanbare:
Allah Ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma a bi a hankali. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Abokinka ya zo karatu ka haɗa masa, daga ranar duk sanda ya wuce ƙofar gidan wayarsa za ta kama da kanta. Wani kuma maƙwabci ne da ba shi da halin data, tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 a farkon 2025 mutane da yawa sun ja baya. Ni na san ɗalibin da a jikin katangar wani gida yake tsayawa ya tura aikin aji.

Malam Na Masallaci:
To ya yi sallama ya roƙa. Na tabbata in ya roƙa ba za a hana shi ba, su ma su sami lada. Sadaka da yardar mai abu take zama sadaka. Talabijin kuma fa? Ita ma aikin aji take turawa?

'Yar Kongo:
Canza kalmar sirri kaɗai ba ya magani, mun gwada. Tun daga Android 10 waya na iya nuna lambar QR ta waifai, wani ya ɗauka da kyamara ya shige ba tare da an faɗa masa komai ba. Ko kai ka karɓi wayar kowa ka saka da hannunka, gobe an raba.

Injiniyan Kaduna:
Haka ne. Abin da ke aiki shi ne tace na'urori ta lambar MAC, lambar shaidar da kowace na'ura ke da ita, wato ka gaya wa rauta waɗannan kaɗai za ta buɗe wa ƙofa. Sai dai sabbin wayoyi, Android 10 zuwa sama da iPhone daga iOS 14, suna ƙirƙirar lambar wucin gadi ga kowane waifai. Ka sa kowa ya shiga saitin wannan waifai ɗin ya zaɓi lambar wayar ta asali kafin ka rubuta, in ba haka ba wata rana za ka rufe wa ɗan gida ƙofa. Ka duba kuma na'ura nawa littafin rautar ya ce tana ɗauka. Da yawa daga cikin irin waɗannan 32 ne iyakarsu, ƙananan na aljihu ma 10 zuwa 16. Wanda ya zo bayan ta cika, ko siginarsa ta yi rauni, shi ne zai ga an haɗa babu intanet. In laftof ce ka duba adireshin da ta samu, in ya fara da 169.254 to rautar ba ta ba ta komai ba.

Kuma ka canza kalmar shiga shafin rautar kanta. Yawancin mutane suna barin ta yadda ta zo daga kamfani, duk wanda ya juya ta ya karanta zai iya warware duk abin da ka ɗaura.

Sabuwar Ɗaliba:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, tawa ta ɗan bambanta. A hostel ɗinmu WhatsApp na aiki a laftof ɗina, amma fotal ɗin rijista da wasu shafuka ba sa buɗewa, sai ya ce haɗin ba shi da tsaro. Wayata kuma tana buɗe su.

Injiniyan Kaduna:
Ƙanwata, kalli agogon laftof ɗin, kwanan wata da shekara. In ƙaramin batirin da ke riƙe agogon a cikinta ya mutu takan koma shekarun baya, shafuka masu tsaro kuma ba sa yarda da agogon da ya kauce. In agogo daidai ne, canza DNS, wato abin da ke nemo adireshin shafi daga sunansa, zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, sannan ki kashe duk wani VPN.

Sabuwar Ɗaliba:
Yaya, agogon ne! 2015 yake nunawa. Ya buɗe yanzu. Allah Ya biya.

Ɗan Gayu:
Amma a faɗi gaskiya, wani lokacin duk wannan bincike ɓata lokaci ne. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE. Har bankuna sun tsaya. Ni ranar sau uku ina mayar da rautata saitin kamfani.

'Yar Kongo:
Shi ya sa kafin ka taɓa komai ka tambayi maƙwabci mai irin layinka, da wani a wata unguwa. In kowa na kuka, ajiye rauta ka jira. Amma na yayanmu kullum ne, kuma da lokacinsa.

Mai Ɗaki Na 4:
Na yi gwajin da Injiniya ya ce. Ni kaɗai a kai, rauta a tagar ɗaki na 7, tara na dare: RSRP -94, sauri 4. Da Asuba a wurin 31. Ke nan akwai cunkoson ma.

Daren jiya kuma na tara 'yan gida a tsakar gida bayan Isha'i. Ban yi dogon magana ba, na buɗe shafin rautar a laftof na juya musu, na ajiye rasit na wata uku kusa da shi. Muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa wannan tawa ce. Guda 12 suka rage ba mai su. Wuri ya yi tsit. Can wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya ya ce shi ya ba mai shagon caji na ƙofar gida, don yana yi masa caji kyauta in ba wuta, bai san zai jona talabijin ya kuma ba abokan cinikinsa ba. Ya ba da haƙuri, har muryarsa na rawa. Wanda ya yi maganar bakin famfo shi ma ya same ni daga baya. Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Mun yanke cewa Baba maigadi zai ci gaba da sha kyauta, don da shi yake kiran ɗansa da ke Agadas, kuma ba wanda ya ƙi. Sauran an rufe.

Malam Na Masallaci:
Alhamdu lillahi. Yaron ya kyauta da ya fito. A ja shi a jiki, kada a riƙa yi masa gori.

Injiniyan Kaduna:
Saura biyu. Ƙarewar data: ban da baƙi, laftof takwas ɗin nan suna sauke sabuntawar Windows a ɓoye, kowace na iya cin gigabait da yawa. A saitin waifai na kowace a kunna zaɓin da ke gaya mata datar a ƙirge take. Wayoyi kuma a hana su loda hotuna da sabunta manhajoji da kansu, don su a ganinsu duk waifai kyauta ne. Ka riƙa duba ragowar data da *323#, ka tura hoton a zauren gidanku duk Juma'a, bakin kowa ya mutu. In kuma tsarin da aka ce ba iyaka ne, karanta sharaɗin, yawanci akwai adadin da in an kai ake rage sauri.

Cunkoso kuwa, ku ari sim na wasu layuka ku gwada da tara na dare, ba da rana ba, in rautar ba a kulle take da layi ɗaya ba. Ku kira 300 ku shigar da ƙorafi ku karɓi lambar shaida. In ba a yi komai ba, 622 layin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ne, NCC, kyauta ne, kuma za su nemi waccan lambar. Manyan abubuwa a bari sai bayan sha biyun dare ko Asuba.

Mai Ɗaki Na 4:
Kwana shida ke nan. Da sabuwar adafta da ƙaramin batir, ba ta sake ɗaukewa ba ko sau ɗaya. Da dare sauri na tsakanin 3 da 5, ba daɗi sosai amma ana karatu, jiya na tura wa malamina babi na uku da tara da kwata. Ɗaki 10 da 11 sun samu. 12 zuwa 14 har yanzu sai sun fito baranda. Wani ya ce mu sayi na'urar ƙara sigina da ake soka wa a soket.

Injiniyan Kaduna:
Kada ku saya. Irin mai arhar nan ta hanya ɗaya take karɓar sigina take maimaitawa, sauri na raguwa kusan rabi, ku da dama kuna lallaɓa 4. Ku ja kebul, Cat6, yana kaiwa mita 100 ba asara. A ƙarshensa ku sa tsohuwar rauta ko ta hannu ce, a kashe mata DHCP don kada su biyu su riƙa rabon adireshi, ɗaya a tashar waifai ta 1 ɗaya a ta 11 don kada su taka juna. Wajen sayen kebul ka kankare waya ɗaya da reza, in cikinta fari ne alminiyom aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye musu. Ku zura shi a bututun roba saboda rana da ɓera, kuma in hadari ya taso da tsawa a zare shi.

Auna mini daga tagar 7 zuwa ƙofar 13.

Mai Ɗaki Na 4:
Mita 38 ta bin bango, mun auna da igiyar shanya. Mai gida ya yarda a huda, in dai za mu toshe da siminti ranar tashi.

Injiniyan Kaduna:
Sayi 45. Asabar ina Zariya ɗaurin aure, zan taho da abin matse kan kebul da wata rauta da ke ajiye a shagona. Bayan Azahar ku tanadi tsani.